Ragar Wi-Fi a Gidan Gandu: Gano Matsala da Ƙara Gudun Intanet a Dinawa da Kewayenta

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke faruwa idan aka ɗauko na'urorin ragar Wi-Fi, waɗanda masu ƙera su suka yi da gidajen Turai da Amurka a zuciya, aka kafa su a gidan Bahaushe mai zaure da tsakar gida da sassa, irin wanda ake samu a Dinawa ta ƙaramar hukumar Wurno da maƙwabtanta na Rabah da Goronyo. Ta bi matsalar nauyin intanet tun daga ƙarfen sabis har zuwa wayar da ke hannun mai amfani. Matsayarta ita ce, a irin wannan gida awo ya kamata ya riga saye, kuma kebul guda da aka binne a tsakar gida ya fi ƙarin na'ura amfani.

Gabatarwa

Dinawa na cikin ƙasar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda kuma ya rasu a 1837. Yanki ne na fadamar Rima, na shinkafa da albasa da tafarnuwa. Manomin da ke son jin farashin buhu a kasuwannin Kudu kafin ya yi lodi, da mai POS a bakin hanyar Achida, da ɗalibin da ke jiran sunansa ya fito a shafin JAMB ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, duk abu ɗaya suke nema: sabis mai tsayawa.

Mutanen gabashin Sakkwato sun san darajar sabis fiye da yadda takarda za ta faɗa musu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, tsabar naira ta ɓace, ciniki ya koma tura kuɗi ta waya, wanda ba shi da netwok sai ya kwana da kayansa. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa wa karkara burin megabit 10 a sakan, birane kuma 25. Yana da kyau a riƙe wannan goman a kai, domin da ita za a auna duk abin da ke tafe.

Ragar Wi-Fi na'urori ne biyu ko uku ko fiye, masu suna ɗaya da lambar sirri ɗaya. Babbar tana karɓar intanet daga rautar da ke da sim ko daga farantin Starlink, rassan kuma suna karɓa daga gare ta suna miƙawa gaba. Ƙa'idar fasahar, 802.11s, ta fito a 2011, kamfanin eero ya shigar da ragar Wi-Fi kasuwar gidaje a 2016, daga baya su Deco na TP-Link da Nova na Tenda suka cika shaguna. Alƙawarin da ke jikin kwali shi ne ko'ina a gida sabis zai cika. Sau da yawa yakan cika ɗin, amma bidiyo ya ci gaba da juyawa.

A fara daga bakin shigowa

Duk wanda ya yi noman rani a Wurno ya san cewa yawan magudanai ba ya ƙara ruwan da madatsa ta sako. Idan abin da ya taso daga Goronyo kaɗan ne, haƙa sabuwar hanya raba kaɗan ɗin kawai za ta yi. Haka ragar Wi-Fi take: aikinta rarrabawa. Sandunan da waya ke nunawa ƙarfin alaƙarta ne da na'urar da ke kusa, ba su cewa komai game da abin da ke shigowa gidan daga waje.

Saboda haka awon farko a jikin rautar sim ake yin sa, an kashe rassa duka, an bar waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya. Speedtest na kamfanin Ookla ko shafin fast.com sun isa. A auna bayan sallar asuba, a auna da rana, a sake aunawa bayan isha'i. Idan da asuba ana samun megabit 20 amma da dare ya koma 2, na'urorin gidan ba su da laifi: jama'ar gari ne suka taru a kan ƙarfen sabis ɗaya suna rabon abin da yake da shi. Babu saitin da zai gyara wannan, sai dai a gwada sim na wani kamfani ko a mayar da manyan sauke-sauke zuwa tsakar dare.

Akwai kuma ruɗanin lissafi da ke sa a zargi na'ura a banza. Kamfanoni da megabit suke magana, waya kuma idan tana sauke fayil megabait take nunawa, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Layin megabit 10 ba zai wuce megabait 1.25 a sakan ba. Wanda ya ga 1.2 a fuskar wayarsa ya samu cikakken haƙƙinsa.

Idan kuwa awon ba ya tashi ko da asuba, sai a shiga shafin saitin rautar, wanda adireshinsa ke rubuce a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Lambobi biyu ake nema. RSRP na nuna ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfe: -80 yana da kyau, -100 ya fara rauni, -110 kuwa ana bakin faɗuwa. SINR na nuna tsabtarta: sama da 13 abin so ne, kusa da sifiri kuma hayaniya ta rinjaya. Waɗannan lambobi suna canzawa da ɗan motsi. Rautar da aka ɗauke daga kan tebur a ƙuryar ɗaki aka rataye a taga mai fuskantar ƙarfen sabis tana iya samun ƙarin da ya fi na sayen kowace sabuwar na'ura. Mataki na gaba shi ne eriyar waje a kan dogon bututu, sama da rufi, ana juya ta a hankali wani yana karanto lambar har a dace. A taƙaita kebul ɗin eriyar gwargwadon iko, domin kowace mita tana cin wani abu daga ribar da aka samo.

Zangon da sabis ɗin ke tafiya a kai shi ma yana da tasiri. Ƙananan zanguna irin megahaz 700 da 800 sun fi cin nisa da ratsa bango, su 1800 da 2600 kuma sun fi ɗaukar kaya amma ba su nisa. Rauta mai arha wadda ba ta kama ƙaramin zango ba za ta yi abin kirki a ƙauyen da ƙarfe ya yi wa nisa ba, ko da a cikin garin Sakkwato tana gudu.

Abu biyu suka rage a wannan mataki. Yawancin tsare-tsaren data da ake kira marasa iyaka suna da wani adadi da in an kai shi ake rage gudu har ƙarshen wata, don haka nauyin da ke zuwa a mako na uku kullum ba ya buƙatar mai gyara. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin Najeriya gaba ɗaya: a ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebul na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi nauyi a ƙasashe da dama na tsawon kwanaki.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya sauya wannan lissafi ga mai hali, domin daga taurarin da ke kimanin kilomita 550 sama yake karɓa, ba ruwansa da ƙarfen gari. Nasa sharaɗin sarari ne: reshen dogon yaro ɗaya da ya gitta gaban faranti ya isa ya riƙa yanke kira, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana rage shi.

Bango, kwano da ƙofar ƙarfe

Nan ne gidan Dinawa ya sha bamban da gidan da ke jikin kwali. Faɗin da kamfani ke cewa na'urarsa za ta rufe an ƙiyasta shi ne a gini ɗaya mai rufi ɗaya, wanda bangayen cikinsa katako ne da allo marar kauri. Gidan gandu kuwa gine-gine ne da yawa a cikin katanga guda: zaure, shigifa, turakar maigida, ɗakunan mata, sassan 'ya'ya da suka yi aure, ga rumbu, ga turken dabbobi. Saƙon da zai tashi daga wannan sashe zuwa wancan sai ya fita ta bango ɗaya, ya ƙetare fili, ya sake shiga ta wani.

Wi-Fi na tafiya a zanguna biyu da aka fi sani, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farko ya fi ratsa bango amma ba shi da faɗi, na biyu ya fi gudu amma bango mai kauri yana gamawa da shi. Ana auna ƙarfinsu da dBm, kuma ma'aunin yana da yaudara: ragin 3 na nufin rabin ƙarfi ya tafi, ragin 10 na nufin kashi ɗaya cikin goma ya rage, ragin 20 kuma ɗaya cikin ɗari. A sarari, duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar 6. Injiniyoyi sukan ɗauki -67 a matsayin iyakar da kiran murya da bidiyo ke tafiya lafiya.

A ƙaddara yaro ya ɗauki waya mai manhajar awon Wi-Fi ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, labule kawai ke tsakaninsa da tsakar gida, lambar tana -55. Ya yi taku uku ya zauna a bakin gado, bangon tubali ya shiga tsakaninsa da na'ura, lambar ta koma -75. Wannan taku uku ya ci kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin siginar. Sannan a turo ƙofar ƙarfe a sa sakata, kamar yadda ake yi kowane dare a yankin da tsaro ya zama abin da ya zama. Ƙarfe ba ya barin sigina ta wuce, mayar da ita yake yi. Shi ya sa gida zai ce intanet ɗinsa na lalacewa da dare, a yi ta zargin kamfani, alhali rabin matsalar a ƙofa take.

Ruwa shi ma yana shanye sigina. Ginin ƙasa da ya sha ruwan Agusta ya fi tare ta fiye da yadda yake yi a watan Maris, don haka ragar da aka kafa da rani aka ga ta yi daidai tana iya gazawa da damina ba tare da an taɓa komai ba. Tankin ruwa da jerin randuna da ganyen bishiya jiƙaƙƙe duk haka suke. Rufin kwano kuma yana raba gida biyu: na'urar da aka ɗora a samansa ba ta amfanar na ƙasa, wadda aka maƙala dab da shi daga ciki kuma zafi zai dafa ta.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan gini shi ne a ɗauki tsakar gida a matsayin hanyar sigina. A rataye na'ura a ƙarƙashin baranda ko inuwar rufi, sama da tsayin mutum, tana kallon ƙofofi da tagogin ɗakuna, kuma kowane reshe ya kasance yana hango ɗan'uwansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai reshe cikin ɗakin da ba sabis. Reshe ba ya ƙirƙiro komai, abin da ya ji yake maimaitawa, saboda haka wurinsa shi ne tsakiyar hanya, inda sigina ke da sauran ƙarfi.

Akwai wani al'amari da littafin kamfani bai san da shi ba. Mai haɗa na'ura baƙo ne, kuma a gidaje da yawa iyakarsa zaure ko shigifa. A nan zai kafa babbar na'ura, a nan zai yi awo, ya nuna wa maigida lamba mai kyau, a sallame shi. Cikin gida, inda mata ke wuni, inda ake cinikin turare da atamfa da abincin sayarwa ta WhatsApp, inda 'yan mata ke karatun jarrabawa, babu wanda ya auna. Sakamakon shi ne waɗanda suka fi kowa zama a gidan su suka fi kowa samun raunin sabis. Gyaran bai da wuya: a ba wata daga cikin matan gidan ko wani yaro wayar awo, su zaga ɗaki-ɗaki suna faɗo lamba, ƙofa a buɗe da kuma a rufe, kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Sau da yawa abin da awon zai nuna shi ne babbar na'urar ma cikin gida ya kamata ta koma, zaure ya samu reshe.

Tsalle da kebul

Reshen da ke da rediyo ɗaya na gigahaz 5 yana amfani da shi wajen sauraron babbar na'ura da kuma magana da wayoyi, kuma ba ya iya yin biyun a lokaci guda. Don haka kowane tsalle daga na'ura zuwa na'ura yana cin kusan rabin gudu. Wannan ba sabon sani ba ne. Gupta da Kumar sun nuna a lissafe tun 2000 cewa rabon kowace na'ura yana raguwa yayin da raga ke girma, masu binciken jami'ar MIT kuma da suka shimfiɗa ragar Roofnet mai na'urori 37 a kan rufin gidaje sun ruwaito a 2005 cewa daga tsalle ɗaya zuwa biyu gudun ya faɗi ƙasa da rabi. Gidan da ya jera rassa huɗu a layi, daga zaure zuwa sashen ƙarshe, ya sayi sanduna cikakku da intanet marar motsi.

Na'urori masu rediyo uku, waɗanda suka keɓe ɗaya don magana tsakaninsu, suna rage wannan asara, amma da tsada, kuma bangon tubali bai san tsada ba. Kebul ɗin intanet na Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya rasa komai ba, kuma kusan duk na'urorin raga suna komawa kansa da kansu da zarar an soka. Gidaje kaɗan ne tsawonsu ya wuce haka. Da fasahar PoE ma kebul ɗin yana iya ɗaukar wuta tare da data, ga na'urorin da aka yi domin hakan, sai a huta da neman soket a sashen da ba wayarin.

Sai dai kebul ma suna suka tara. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Gane shi ba wuya: a feɗe silin waya ɗaya a kankare da reza, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, a mayar wa mai shago. Irin wannan yana karyewa a cikin kan da ake sokawa, kuma yana zafi idan aka ɗora masa wuta. Matse kan ma sai da kula. Silin waya takwas ne a ciki, gudun gigabit yana buƙatar dukansu, na megabit 100 kuma huɗu kawai. Idan ɗaya daga cikin shuɗi ko ruwan ƙasa bai taɓa ba, layin ba zai mutu ba, zai sauka zuwa 100 shiru, ba mai sani sai wanda ya duba shafin saiti ko launin 'yar fitilar da ke bakin ramin.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da mai shago ba zai so ba. Lambar AC1200 da ke jikin kwali tarin 300 ne da 867 na zanguna biyu, ba gudun da waya ɗaya za ta taɓa gani ba, kuma wasu masu arha irin Deco E4 da Nova MW3 ramukan kebul ɗinsu iyakarsu megabit 100. Ga gidan da ke shan megabit 15 daga sim, wannan ba aibi ba ne, su ne ma daidai da shi, kuɗin da ya rage a sa a eriya da batir. Gidan da ya sa Starlink ne zai ji takurar.

Kebul da zai ƙetare tsakar gida a zura shi cikin bututun roba a binne, saboda rana da ɓera da awaki. Kada a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi, domin tsawar farkon damina tana iya bi ta cikinsa ta ƙone na'urorin da ke kai biyun. Inda tazara ta yi yawa, zaren gilashi da 'yan akwatunan juya sigina sun fi aminci tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta. Na'urorin da ke tura intanet ta wayar lantarkin gida kuwa ba su da wurin zama a gidan da wannan sashe ke kan sola, wancan ke kan janareto.

Ƙaramin gyara na ƙarshe a wannan babi: idan rautar sim na watsa nata Wi-Fi, raga ma na watsa nata, kuma kowacce na raba adireshi, suna takura wa juna. A kashe Wi-Fi ɗin rautar, a bar ɗaya kawai ta riƙa rabon adireshi.

Wuta da zafi

Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma a ƙauyuka sola da batir ne abin dogaro. Duk ɗaukewar wuta tana rushe ragar, in ta dawo sai na'urorin su sake neman juna. Idan reshe na nesa ya riga na kusa tashi, yana iya maƙalewa a hanya mai rauni ya zauna a kanta. Tsarin tayarwa shi ne rautar sim tukuna, sai babbar na'ura, sai rassa daga na kusa zuwa na nesa. Wanda ya fi wannan shi ne kada su mutu sam.

Lissafin ba shi da yawa. Na'ura uku masu cin wat 10 kowacce, a awa 24, sun ci wat-awa 720. Batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce, amma idan na ruwa ne rabinsa kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya bai kai kwana da wuni ba sai da taimakon faranti. Yawancin rautoci da bolt 12 ko 9 suke aiki, saboda haka bi da su ta inbata, a ɗaga wutar zuwa 230 sannan caja ta sake sauko da ita, asara ce sau biyu. 'Yan ƙananan batura masu ba da wutar kai tsaye sun fi, muddin an duba bolt ɗin da ke rubuce a jikin na'urar. Farantin Starlink na gida kuwa yana cin tsakanin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinsa, wato shi kaɗai ya fi ragar duka ci.

Yawancin waɗannan na'urori an rubuta musu iyakar zafi digiri 40. A bazarar Sakkwato, Afrilu da Mayu, inuwa ma tana wuce haka, balle ɗakin kwano da azahar. Na'urar da ta yi zafi takan rage gudunta ko ta kashe kanta ta tashi. Idan nauyin yana zuwa ne tsakanin azahar da la'asar, a taɓa ta da hannu kafin a kira kowa. Kada a rufe ta da ƙyalle don tsoron ƙura, gara a riƙa busa ramukan iskarta a lokacin hunturu, a kuma share farantin sola.

Masu amfani

Bayan an gama da ƙarfe da bango da wuta, sauran matsalar tana hannun mutanen gida. A 2003 wasu masu bincike a Grenoble ta Faransa suka nuna cewa na'ura ɗaya mai rauni tana jawo kowa ƙasa, domin Wi-Fi layi ake bi, kuma mai magana a hankali ya fi daɗewa riƙe da layin. Tsohuwar waya da ke can bayan rumbu da sanda ɗaya tana cin lokacin sabuwar da ke kusa. Da yawa daga cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi zangon 2.4 kawai suke kamawa, kuma a wannan zango tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. A karkara maƙwabta masu rauta ba su da yawa, wannan riba ce, amma samari masu tura finafinai ta Xender da masu kunna hotspot suna cika zangon daga cikin gida.

Sai matsalar da Jim Gettys ya yi wa suna a 2010, ta cunkoson layin aikawa. Hanyar fita a layin sim ta fi ta shigowa ƙunci. Waya ɗaya da ke ɗora bidiyon biki ko adana hotuna a Google tana cika ta, sai saƙon kowa ya tsaya a bayanta, kiran Makka ya riƙa yankewa, na'urar POS ta ƙi amsawa, alhali awon gudu yana nuna lafiya. Ana gane wannan ta duban jinkirin amsa a lokacin da ake aikawa: in ya tashi daga milisakan 50 zuwa ɗaruruwa, shi ne. Maganinsa na asali, dabarar CoDel ta Kathleen Nichols da Van Jacobson ta 2012, yana cikin rautoci masu manhajar OpenWrt. Wanda ba shi da ita sai ya sa wa kowace waya iyaka a manhajar ragar, ya kashe sauke-sauken WhatsApp na kai tsaye, ya rage ingancin YouTube. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ya zama maganar aljihu ma.

Lambar sirri kuma ba ta ɓoyuwa. Wayoyin Android na yanzu suna nuna ta a hoton da wani zai ɗauka cikin sakan biyu, ko da maigida da hannunsa ya shigar. Gida mai mutum goma sha biyu zai duba manhaja ya tarar da waya talatin, dakalin ƙofar gida ya cika da samari bayan magariba. A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, hana maƙwabci abu ne mai nauyi, kuma canza lamba kowane mako yana jawo magana. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce layin baƙi: suna daban, lamba daban, gudu mai iyaka inda na'urar ta ba da dama, a bar shi ga zaure da majalisa, layin cikin gida kuma ya zauna ga iyali da sana'a.

Daga nan taku ɗaya ne zuwa gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sa tushe ɗaya mai ƙarfi su raba. An yi irin wannan a wasu wurare: gidauniyar Fantsuam a Kafanchan ta kafa intanet marar waya ga al'ummarta tun shekarun 2000, ƙauyen Mankosi a Afirka ta Kudu kuma ya gina ragar Zenzeleni mai aiki da sola a ƙarƙashin ƙungiyar gama-kai. Ta fuskar fasaha, haɗa gida da gida ba aikin na'urorin ɗaki ba ne, yana son eriya biyu masu kallon juna a saman katanga, da waya mai sauke tsawa zuwa ƙasa a gindin kowane bututu. Ta fuskar doka kuma, da zarar an fara karɓar kuɗi daga jama'a an shiga sana'ar da NCC ke ba da lasisinta, kuma sharuɗɗan layin gida na kamfanoni galibi sun hana sake sayarwa, don haka masu wannan niyya a Dinawa ko Marnona ko Achida sai su fara da karanta takardar da suka sa wa hannu.